Ledar Babur ɗin Malam Yohanna

Hasken na fara gani kafin babur ɗin. Ina tafe cikin wani lungu a Ƙofar Kware da hantsi, da littafin soyayya na haya a aljihuna, sai na ga wani haske yana rawa a jikin katanga kamar an ajiye tasar ruwa a rana. Na waiwaya in ga daga ina yake. Ashe tankin wani baƙin babur ne, tsoho tukuf, irin wanda ko a lokacin an daina shigo da shi. A gefensa wani dattijo ne tsugune da burushin haƙori a hannu, yana bin wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya. Na ja na tsaya. A littattafan da nake karantawa haka saurayi ke tsayawa idan ya hango wadda za ta hana shi cin tuwo. Ni kuwa a gaban babur abin ya same ni.

Dattijon bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kai samari, in kallo kaka yi, matsa ka bar iska ta wuce. In aiki kaka so, ga tsumma can."

Na ɗauki tsumman. Wannan dattijo shi ne Baba Ladan, kuma shekara huɗu na yi a ƙofar gidansa ina koyon wankin babur da goge shi.

Na ɗauko zancen tun daga nan ne saboda ku samarin yanzu da kuke wucewa ta ƙofar gidana a Gawon Nama kuna cewa, "Baba Cika, wai wankin babur ma sana'a ce? Ba ruwa da sabulu ba ne?" To ku saurara. Wata uku na yi a wurin Baba Ladan ban taɓa tanki ba. Taya da cikin madigadi su ne rabona, inda taɓo da kashin awaki suke daskarewa. Ya ce wanda bai iya da ƙafar babur ba, ba a ba shi fuskarsa.

Kayan aikinsa duka a cikin tsohon kwandon kaba suke. Soso biyu, ɗaya na jiki, ɗaya na taya, kuma ba sa haɗuwa ko a mafarki. Tsumma uku: na wanki, na tsane ruwa, da na ƙarshe, tsohuwar singileti da ta sha wanki har ta yi laushi kamar auduga, ita kaɗai ke hawa fenti idan an shafa man gogewa. Ranar da ta faɗi ƙasa ta tashi daga aiki, domin ƙwayar yashi ɗaya da ido ba ya gani ta isa ta zana tanki daga wannan gefe zuwa wancan. Akwai burushin haƙori na wayoyin taya da haƙarƙarin inji. Akwai kwalbar kananzir ta wanke sarƙa, da gwangwanin giris na mayar mata da rai bayan an wanke. Akwai tokar gawayi da aka tankaɗe ta cikin ɗankwali, a kwaɓa ta da lemon tsami a bi salansa da ita har ta koma kamar madubin amarya. Tsatsar da ta yi taurin kai kuwa, takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari ake jiƙawa a murza mata a hankali.

Ruwa bokiti ɗaya da rabi ne ga kowane babur. Mai ruwa kan zo da kurarsa da sassafe, abin da ya sauke shi ne na wunin. Baba Ladan yana zuba ruwa da kofin roba, daga madubi zuwa ƙasa, kuma na ɗauraya ba ya zubewa banza, kwatar da ya haƙa tana kai shi gindin dalbejiyar da muke aiki a inuwarta. Inuwar nan ma kayan aiki ce. Ranar Sakkwato ba ta jiran kowa. Ka shafa kumfa a rana, kafin ka juya ka ɗebo ruwa ta bushe ta bar tabo a fenti.

Babur ɗin wani mahauci ne ya fara koya mini haƙuri. Ya iso da gudu daga mayanka, inji da zafi har yana ƙaras-ƙaras, kitse da jini sun daskare a kariyar ɗaukar kaya ta baya. Na ɗebo ruwa zan watsa, Baba Ladan ya riƙe mini hannu.

"Kai in ka yi gudu ka jiƙe da zuhwa, ruwan randa aka kwara maka nan take? Bar shi ya huta."

Muka jira sai da zan iya ɗora tafin hannuna a kan injin. Sannan ya nuna mini yadda ake toshe bakin salansa da tsumma, a ɗaure kan fulogi da guntun leda, a kauce wa kafireto. Kitsen kuwa ruwan sanyi ba ya fitar da shi, sai da aka ɗumama ruwa a cikin gida. Tun daga ranar nake gane mai babur daga dattin babur ɗinsa. Na mahauci kitse, na mai albasa ɓawo a cikin sarƙa, na malamin makaranta alli a hannun birki, na ɗan kabu-kabu kuwa komai da komai, har da guntun ƙosan fasinja a ƙarƙashin kujera.

Wani ɗan kabu-kabu ne ya sa na sha dariyar unguwa a shekarata ta biyu. Na gama masa wanki, kujerar ta yi mini fari-fari, sai na shafa mata man gogewa don ta yi sheƙi. Ta yi kuwa. Ya ɗauki wani alhaji mai babbar riga, ya ja babur ɗin, alhaji ya sulale ta baya ya zauna daɓas a tsakiyar lungu, hularsa tana nan daram a kansa. Allah ya tsare bai ji ciwo ba. Baba Ladan ya ba shi haƙuri, ya jira sai da suka tafi sannan ya yi dariya har da hawaye. Ya ce abu uku ba sa son mai: kujera, bayan taya, da birki. Kyau ba ya hawa inda zai kashe mutum.

Amma babbar dokarsa a kan leda take. Kun san halinmu. Mutum ya sayi sabon babur, ba ya cire ledar da aka naɗo tanki da kujera da ita, ba ya cire kwalin da aka ɗaure a madigadi da kariya. Haka zai yi ta yawo da shi wata da watanni, leda tana faf-faf a iska, don duk wanda ya gani ya san sabo ne dal. Ranar da leda ta fita, a idon mutane babur ya zama na hannu, ko jiya aka sayo shi. Mu masu wanki mun san ɓarnar da take yi. Ruwa yana shiga ƙarƙashinta ba ya fita, rana tana gasa ta har ta manne da fenti, idan an daɗe sai a ɓare ta ta taho da launin tankin, a tarar da tsatsa ta yi gida. Duk da haka Baba Ladan ba ya taɓa ta. Yana da wani siririn tsinken kaba da yake naɗa wa ƙyalle, ya zura ta ƙarƙashin ledar ya tsane ruwan, ya mayar da bakinta yadda ya same shi.

Na ce, "Baba, ai cutar da babur ɗin take yi."

Ya ce, "Awo, cuta ta. Gaya ma mai shi. In yac ce a cire, cire. In bai ce ba, ba taka ba ta."

Na ji, amma a kunne kawai. A littattafaina duk wani kyau da aka lulluɓe jiran mai buɗe shi yake yi, kuma ni a raina na ɗauka ni ne mai buɗewar.

Da na cika shekara huɗu ya sallame ni, ya ba ni kwando da singileti ɗaya daga cikin nasa. Na buɗe nawa wurin a ƙofar gidanmu, a inuwar dalbejiyar nan da kuke gani. Aiki ya karɓe ni. Kullum da safe akwai babur uku ko huɗu a jere suna hucewa, ni kuma idan na shafa mai ina jiran ya sha iska sai in jingina da bango in buɗe littafi.

Ranar wata Alhamis cikin tsananin bazara wani shuɗin babur ya shigo lungunmu, leda da kwali duk a jikinsa. Mai shi dogo ne siriri da tabarau, Malam Yohanna, malamin firamare mutumin Zuru da yake haya a Gidan Igwai. Wata biyu ke nan da sayen babur ɗin. Ya kafe shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya ce, "Malam Cika, an ce hannunka yana da kyau. Asabar zan yi tafiya gida hutun Ista. Ina so ya fito tsaf. Bayan la'asar zan dawo." Ya tafi a ƙafa yana waiwayen babur ɗin.

Na wanke taya, na wanke inji, na zo kan tanki. Ledar ta yi duhu da gumi, gefenta na dama ya soma kama fentin. Na ɗauko tsinken kaba na zura. Inda ƙyallen ya share sai wani shuɗi ya leƙo, irin shuɗin sararin sama bayan ruwan farko. Na ɗaga bakin ledar kaɗan don in ƙara gani. Daga kaɗan sai rabi. Ban san lokacin da na ɓare ta duka ba, na bi ta kujera, na kwance kwalayen, na dunƙule su na cusa a kwandon shara. Na goge ragowar danƙon da ɗigon kananzir, na wanke, na tsane, na shafa mai sau biyu. Tun azahar nake murza tankin nan da singiletin Baba Ladan har aka kira la'asar. Ganyen dalbejiya ɗaya-ɗaya ana ƙirga su a jikinsa. Masu wucewa suna tsayawa. Har yau ban ƙara yin aikin da ya kai wannan kyau ba.

Malam Yohanna ya shigo lungun, ya wuce babur ɗinsa bai gane shi ba. Ya dawo da baya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Malam Cika, ina ledar?"

Na ce cikin fara'a, "Malam, dubi abin da ta ɓoye maka!"

Sai mutumin nan ya zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙen yashi, da wandonsa mai guga. Sannan ya ba ni labari a hankali, kamar yana karanta wa 'yan aji. Akwai wata yarinya a garinsu, Rifkatu, tana karatun aikin jinya. Shekara uku yana nemanta. Mahaifinta ba ya yanke magana sai da ƙaninsa Bitrus, wanda yake sayar da babura na hannu. Shi Bitrus ɗin ne ya ce a gaban dangi malamin firamare ba zai iya sayen sabon keke ba, balle ya riƙe mace. Malam Yohanna ya aika musu cewa ya sayi babur sabo a leda, kuma zai zo da shi ranar Asabar a tsayar da magana.

"Yanzu wa zai yarda? Za su ce na hannu na saya na goge, na zo ina yi musu ƙarya."

Na ce ai akwai takardar saye. Ya yi wata 'yar dariya. Ya ce Bitrus da kansa yana rubuta irinta sau goma a rana, ba takarda yake dubawa ba.

Na zaro ledar daga shara, ta yage gida huɗu. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Washegari da sassafe na je wurin masu haɗa sababbin babura na roƙo leda da kwali, na ɗauki Malam Yohanna muka tura babur ɗin zuwa Ƙofar Kware, don na san hannun Baba Ladan zai fi nawa iya naɗi.

Baba Ladan ya ji labarin duka, ya zagaya babur ɗin sau biyu. Ya dube ni ya ce, "Aikin ya yi kyau. Kai kuwa ba ka da hankali." Ya juya wurin Malam Yohanna. "Malam, mi kawun yarinyar shika saidawa?"

"Babura na hannu, Baba."

"Tau, wanda shika naɗa ma tsohon babur leda don ya sai da shi, shi za ka kai ma naɗin hannu? Da ido ɗaya zai gane. Yanzu gaskiya gare ka, ba ka da shaida. In mun naɗa, ka samu shaida, amma ka zama maƙaryaci. Ni ba ni naɗawa. Tahi da shi haka."

Haka ya tafi da shi tsirara ranar Asabar. Ni kuwa na wuni ina tsara masa labari irin na littafi: yarinya ta fito, ta ga fuskarta a tanki, kawu ya ji kunya, aka yi guɗa.

Bayan sati ɗaya ya dawo, bai biyo ta lungunmu ba. Daga bakin wani abokin aikinsa na ji. Bitrus ya shafa tankin da ɗan yatsa ya ce, "Gogaggen na hannu ne, amma mai gogewar gwani ne." Dangi suka yi dariya. Mahaifin Rifkatu bai ce a'a ba, ya dai ce a bari sai baɗi a ga kamun ludayinsa, kuma akwai wani ma'aikacin kwastan da shi ma ya aiko.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Kafin damina ta sauka labari ya gama Gawon Nama, aka sa mini suna Cika Ɓare-Leda. Duk mai sabon babur idan ya hango ni sai ya ƙara wuta. Masu tsofaffi ma suka janye, wai wanda ya raba aure da tsumma ba a bar masa dukiya ya juya baya. A shekarar ce kuma aka kafa injin feshi a bakin titi, mai wanke babur kafin ka gama shan ruwan leda ɗaya. Yana tura ruwa cikin fulogi da gidan birki, yana kore giris daga sarƙa, amma wa ya damu, ga sauri ga ƙara. Akwai satin da babur biyu kacal na wanke, na mahaucin nan da na limaminmu. Na rage wa mai ruwa jarka. Na karanta littattafan shagon haya kaf, na koma na sake daga farko. Yayana ya ce in zo kasuwa in taya shi awon gero, har na amsa masa.

Ana cikin haka wata Asabar da safe sai ga Malam Yohanna a ƙafa. Bai zauna ba.

"Malam Cika, tun da na dawo ban bai wa kowa babur ɗina ba, kuma ba zan ƙara ba. Na wanke da kaina, ya yi zane-zane. Kai ka ɓata, kai za ka koya mini. Amma hannunka ba zai taɓa shi ba."

Na ce na yarda.

Duk Asabar nake ɗaukar kwandona in tafi Gidan Igwai. A tsakar gidan hayar, gindin wata bishiyar gwaiba, nake zama a kan turmi hannuwana a cikin aljihu, shi kuma yana aiki. Koyar da malami sai mai haƙuri. Komai sai ya tambayi dalili, komai sai ya rubuta a ɗan littafi. Ranar farko ya wanke taya da soson jiki, na yi ihu har matan gidan suka leƙo. Ya ɗauki sabulun wankin kaya mai kaushi zai zuba wa tanki, na ce fenti ba wuyan riga ba ne. Na nuna masa da baki yadda ake shafa mai, kaɗan-kaɗan, a zagaye, a jira ya yi fari-fari, sannan a bi da singileti ba tare da dannawa ba. Wata rana singiletin ta faɗi, ya ɗauka ya karkaɗe zai ci gaba.

Na ce, "Malam, in ɗalibi ya kwafi amsa ya share inda ya kwafa, ya ci jarrabawa?"

Ya jefar da ita, ya shiga ɗaki ya fito da sabuwar tasa ta sawa.

Kafin ƙarshen damina ya iya bokiti ɗaya da rabi. Kafin sanyi ya wuce yana gane sarƙar da ke jin ƙishin giris da kunne. Maganar Rifkatu kuwa sau ɗaya ya yi mini. Yana bin wayoyin taya da burushi ya ce ta rubuto, ta ce ita ko a jaki ya zo, amma ba za ta tsallake maganar mahaifinta ba. Na buɗe baki zan kawo masa misali daga wani littafi, ya ce, "Malam Cika, don Allah bar littattafan nan." Na bari.

Malaman makarantarsu suka fara tambayarsa ina yake kai babur ɗinsa. Ya ce a gida yake wankewa, amma ga wanda ya koya masa. Ɗaya ya zo, biyu suka zo. Sai waɗanda injin feshi ya kashe wa fulogi suka fara dawowa suna sunkuyar da kai. Ban je awon gero ba. Amma duk wanda ya kawo mai leda, sai na tsayar da shi na gaya masa ɓarnarta, sannan in ɗauko tsinken kaba.

Da Ista ta zagayo ya sake kama hanyar Zuru. Abin da ya faru can daga bakinsa na ji, ranar da ya dawo ya kafe babur a inuwata ya nemi ruwan sha.

Ya ce ya isa da yamma babur ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. Aka sauke shi a gidan wani ɗan'uwansa da ke kallon gidan su Rifkatu. Da gari ya waye, ba don kowa ba, don dai ya saba, ya roƙi bokiti ɗaya da rabi ya fitar da kwandonsa. Ya toshe salansa, ya ɗaure fulogi, ya fara daga madubi. Bai san mahaifin Rifkatu yana zaune a ƙofar gida ba. Tsohon manomi ne. Ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe, har lokacin da ya ɗauki ruwan ɗauraya ya kai gindin wani ɗan dashen mangwaro ya zuba.

Da aka taru, Bitrus ya fara maganarsa ta bara. Tsohon ya ce a turo babur ɗin ɗan Bitrus, wanda aka saya sabo kusan lokaci ɗaya da na Malam Yohanna, har ranar nan yana da ledarsa, ta yi baƙi ta ƙanƙance. Aka jera su. Tsohon ya kama bakin ledar ya ja. Ta taho da fenti, ƙarƙashinta ja-ja da tsatsa.

Ya ce, "Bitrus, ni ban san sabo ba, ban san na hannu ba, wannan sana'arka ce. Na dai ga wanda aka riƙe shekara ɗaya, ga kuma wanda aka rufe shekara ɗaya. 'Yata ba rufe ta za a yi ba."

Malam Yohanna ya shanye ruwan ya miƙo mini kofin. Ya ce, "An sa rana bayan girbi. Amma kada ka ɗauka ka yi daidai. Shekara guda ka ci mini."

Na ce na sani. Ranar bikin ni na bi bayan motar 'yan rakiya a kan babur ɗin mahauci, kuma ko a ranar bai bar ni na taɓa nasa ba.

Baba Ladan ya rasu shekaru kaɗan bayan haka. Tsinken kabarsa yana cikin kwandona. Sunan Ɓare-Leda kuwa ya bi ni har yau, sai dai yanzu masu kirana da shi ba su san mafarinsa ba.

Malam Yohanna ya zama hedimasta, ya yi ritaya bara, bai koma Zuru ba, ya gina ɗan gida a nan. Shuɗin babur ɗin yana nan yana tashi da bugu ɗaya, kuma duk Asabar za ku gan shi tsugune a gabansa da furfurarsa da burushin haƙori. 'Ya'yansu huɗu. Kwanakin baya da hantsi ina goge wani babur sai ga shi ya shigo lungu yana turo sabuwar roba-roba ja, leda har kan madubi. Bayansa Malama Rifkatu ce da wata budurwa doguwa mai tabarau irin nasa. Autarsu ce, ta samu makarantar koyon jinya, aka saya mata abin hawa.

Ya kafe ta a gabana ya ce, "Malam Cika, cire."

Na goge hannuna a riga. Na ce, "Malam, ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Ba mai zuwa neman aure da ita?"

Malama Rifkatu ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. Ta ce, "Malam Cika, shekara guda ka sa na yi ina jira, yau kuma za ka tsayar da mu a rana? Cire mana."

Na dubi yarinyar na ce, "'Yata, babur ɗin naki ne. Me kika ce?"

Ta ce, "Baba, a cire."

Sannan na kama bakin ledar. Da na gama na ɗauko singileti zan fara gogewa, sai Malam Yohanna ya riƙe mini hannu, ya zaro tasa daga aljihu ya miƙa wa 'yarsa.

Ya ce, "Kai koma kan turmi. Gaya mata da baki."